Benen da Muka Hana Faɗuwa

Har yau idan hadari ya taso daga wajen teku, sai in ji ƙafafuna suna neman matakala. A nan Doha da sanyi ake ruwa, shi ma ba kullum ba, kuma ina zaune a gidan ɗana a unguwar Muntazah, kankare sama kankare ƙasa, ko wuni aka yi ana zubawa babu abin da zai taɓa mu. Amma jikina bai yarda ba. Sai in miƙe in leƙa taga ina duban sama kamar wanda ya bar shanya a waje. Surukata ta sha tambayata ko lafiya, in ce mata lafiya lau, don ba magana ce da ake yi a tsaitsaye ba. Wani tsohon bene ne ya sabar min da haka, benen da na ci ƙuruciyata a cikinsa, wanda yanzu aka liƙa wa allon tagulla a ƙofa aka ce ya shiga sahun gine-ginen tarihi. Baƙi suna zuwa su tsaya a gabansa su ɗauki hoto suna yaƙe haƙora. Ni kam tunawa da shi ɓata min rai take yi, kuma tsufa bai sa na huce ba.

Na zo garin nan ina saurayi, ba ni da komai sai lasin tuƙi da ƙarfin jiki, lokacin da za ka iya zagaye Doha tsakanin azahar da la'asar. Tifar wani ɗan kwangila nake ja. Aka kai ni wani bene a tsohon gari, bayan kasuwa, aka ce akwai ɗan ƙasarmu a ciki, ba zai rasa inda zan shimfiɗa tabarma ba. Benen hawa ɗaya ne, dogo, ya bi titi har ya karya kwana. A ƙasa shaguna ne jere a ƙarƙashin rumfa mai ginshiƙai, kowane da ƙyauren katako mai nauyi da ake turawa da kafaɗa. A sama ɗakunan haya ne, ƙofofinsu suna buɗewa kan baranda, barandar tana kallon tsakar gida inda randar ruwa take. Da dutsen teku aka gina shi, irin wanda ake farfasowa a gaɓa idan ruwa ya janye, aka haɗa da laka, aka shafe da farar ƙasa. Kaurin bangon ya isa mutum ya zauna a bakin taga ya naɗe ƙafa ya sha shayinsa. Ranar farko da na kwanta na ɗaga kai, sai na ga itatuwa jere kamar azara, a kansu an shimfiɗa gora da tabarma, a kan tabarmar kuma ƙasa. Wallahi sai na ji kamar a soron kakana nake a cikin birnin Kano. Larabawa danshal suke kiran itacen, a jirgin ruwa ake kawo shi daga nesa, shi ya sa duk ɗakunan sirara ne, faɗin ɗaki ba ya wuce tsawon itacen da aka samu. A can saman rufin kuwa katangar biyu ce, ɗaya gaba ɗaya baya da 'yar tazara a tsakani, iska ta bugi ta baya ta gangaro ta sauko kan wanda yake kwance. Da zafi kowa can yake kai shimfiɗarsa.

Ba ka buƙatar agogo a wannan gida. Kafin kiran assalatu za ka ji Ba'iraniye mai gurasa yana manna ƙullu a cikin tanderu, faf, faf, ƙamshin yana hawowa ta matakala. Bayansa sai Ba'indiye mai shayi ya fara kaɗa cokali a kofuna. Idan hantsi ya yi, Basudane mai gyaran rediyo zai kunna wata da ta fi ƙarfinsa ya bar ta tana shuu har azahar, maƙwabcinsa mai sayar da igiya da ƙusa yana zaginsa da wani yaren da babu mai ji. Yanzu a gidan da nake, na shekara ina haɗuwa da mutumin ƙofar da ke kallon tamu a cikin lif, ban san sunansa ba, shi ma bai taɓa tambayar nawa ba. A can kuwa ko tari ka yi fiye da yadda ka saba, kafin ka sauko wani ya aiko maka da citta da lemon tsami.

Ɗan ƙasarmu da aka kai ni wurinsa tela ne, shagonsa ne na kan kwana. Baba Tela muke ce masa, har Larabawan ma haka suke kiransa. Bazazzage ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya bar Zariya da niyyar aikin Hajji tun yana matashi, ya biyo ta Sudan yana ɗinki yana tara guzuri, ya sauke farali, sannan wani attajiri ya taho da shi nan. Da na yi sallama ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Daga ina?” Na ce daga Kano. Ya ce, “Innalillahi. Na tsallake teku don in huta da ku, ashe kun biyo sahuna. To shigo, Bakano, amma ka bar wayonka a bakin ƙofa tare da takalmi.” Tun daga ranar bai sake kirana da wani suna ba.

Mai benen wani dattijon Balarabe ne da muke kira Hajji. Shi ne kafil ɗin Baba, wato shi ya tsaya masa a wurin hukuma, kuma da sunan wannan shago aka ba shi igama, takardar izinin zama a ƙasa. Duk wanda ya yi zaman nan ya san abin da hakan ke nufi. Muddin shago yana buɗe, Baba yana da wurin zama a Ƙatar. Ranar da aka rufe shi, sai ya tattara ya koma inda ya fito. Kuma inda ya fito babu kowa. Iyayensa sun rasu yana hanya, gidansu na cikin ganuwa an raba an sayar, matar da ya aura a nan ta rasu ba su haihu ba. Wannan lungu na kan kwana, da ɗakin da ke samansa, su ne Zariyarsa.

A sanyin farko da na yi a gidan aka yi wani ruwa da har yau tsofaffin garin ba su manta ba. Bayan la'asar ya sauko, kamar da bakin ƙwarya. Kowane indararon katako da ke jikin katanga ya dinga tsiyaya kan titi, titin ya zama kogi, mu kuma muna sama muna ta tara kwanoni da bokitai a ƙarƙashin yoyo. Muna cikin haka muka ji wata rugugi daga tsallaken titi. Benen da ke kallon namu, sa'ansa a shekaru, rufinsa ya rufta ciki gaba ɗaya. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma na ga wani Bayamane mai sayar da yadi yana tsaye a cikin ruwa yana kallon dukiyarsa a ƙarƙashin laka, ko kuka ya kasa. Washegari Hajji ya zo da sandarsa ya zagaya, ya ɗaga kai ya ga yadda danshi ya zana taswira a jikin farar ƙasa, ya ce shi dai ya gaji, zamanin ginin laka ya wuce, gara ya sallame mu ya ba masu rusau kafin ya kashe wani.

Baba Tela ya fito daga shago da abin awo a wuya. Ya ce, “Ya Hajji, ginin nan ba abin da ya same shi. Rufin ne aka manta da shi. A garinmu ba a jira ruwa ya zo ya tarar da soro haka.”

Hajji ya ce, “Wa zai yi? Maginan da suka san wannan aiki duk sun mutu ko sun koma siminti.”

Baba ya ce, “Mu da muke kwana a ƙarƙashinsa. Ubana magini ne, na taka ƙasa tun kafin in iya saka zare a allura. Ka ba mu Juma'a biyu.”

Haka aka yi gayya a tsakiyar Doha. Ni aka tura da tifa can bayan gari inda ruwa yake kwanciya, na ɗebo laka mai danƙo. Aka zube ta a tsakar gida, aka zuba ciyawa da ruwa, muka naɗe wando muka shiga muna takawa. Baba ya ce a bar ta ta kwana biyu ta ruɓe, mai gurasa yana ta ƙorafin wari. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka yi layi daga tsakar gida har saman matakala, kwano yana bin hannu. Ba'indiye ya miƙa wa Basudane, Basudane ya miƙa min, ni in miƙa wa Baba da ke sama yana shimfiɗawa yana bi da tafin hannu, yana karkatar da ita yadda ruwa zai gangara ya nufi indararo. Da ta sha iska muka ɗauki madaɓi muka hau daɓe. Baba ya ɗauko wata waƙar daɓe ta matan Zariya, yana bayarwa, mutanen da ba su san ko sannu da Hausa ba suna amsawa iya ƙarfinsu, kowa da irin tasa ɓarnar. Gurasa mai zafi tana hawowa, shayi yana biye. Na gaji ranar har na kasa ɗaga cokali, amma ban taɓa jin ni mutum ne a ƙasar nan ba sai ranar. Da yamma Hajji ya hau da kyar, ya buga sandarsa a kan daɓen, ya ji ta yi ƙara kamar dutse. Ya ce, “Khalas, shi ke nan, ku zauna.”

Daga nan abin ya zame mana al'ada. Duk shekara da zarar zafi ya karye, Baba zai rufe shago ya bi ɗaki ɗaki yana buga ƙofa. Abin da yake faɗa ɗaya ne: “Rufin ƙasa ba ya son a manta da shi, ku fito.” Mu kankare inda ya tsage, mu cike, mu yaɓe katangar sama, mu zare indararon da ya ruɓe mu sa sabo, mu shafa wa itatuwan baƙin mai saboda gara. Na yi aure na bar gidan, na haifi 'ya'ya, na canza iyayen gida, amma ban taɓa fashin wannan Juma'ar ba. Muna yi muna kallon unguwar tana ƙarewa. Wannan gini ya faɗi da kansa, wancan katafila ta zo ta kwashe shi tsakanin safe da azahar. Aka kafa na bulo a gurbinsu, su ma ba su daɗe ba aka rushe aka kafa na gilashi. Namu yana nan tsaye a tsakiyarsu. Masu gayyar suka yi ta raguwa, mai gurasa ya koma garinsu, mai rediyo ya rasu, sababbin 'yan haya sai an roƙe su kafin su taɓa laka. A ƙarshe Baba ba ya iya durƙusawa, sai a hau da shi da kujera, ya zauna yana nuni da sanda yana cewa, “Bakano, nan wurin ka yi ha'inci, ina kallonka.”

Wata rana wasu mutane suka zo da na'urorin awo da kyamarori. Lokacin Hajji ya daɗe da rasuwa, benen yana hannun magada. Masu kirki ne a fuska, ba zan yi musu ƙarya ba. Suka shafa bango, suka ɗaga kai suna kallon itatuwan rufi suna jinjina kai, suka ce a duk unguwar babu wanda ya rage da rufinsa na asali sai wannan. Baba ya ji daɗi kamar an ce an yi masa jika. Ya sa aka kawo musu shayi, ya ce in riƙe shi ya hau da su sama, ya nuna musu komai, har inda ruwa ya fi cin katanga. Da aka ce an sa benen cikin na tarihi, ba za a taɓa rushe shi ba har abada, sai da ya yi sujada a cikin shago. Ya ce min, “Ka gani ko? Yanzu na san inda za a ɗauki gawata.”

A nan muka yi wauta irin tamu. Mu a gida, wanda ya shekara da shekaru yana yi wa gida yaɓe ba a kiransa baƙo. Ko ba shi da gado a ciki, babu mai kunyar da zai dube shi ya ce ya fita. Da wannan tunanin muka zauna. Don haka da magada suka aiko cewa kowa ya kwashe kayansa za a yi gyara, ko gardama ba mu yi ba. Mun ɗauka irin tamu ce, a fitar da kaya tsakar gida, a yi aiki, a mayar. Na ɗauko Baba na kawo shi Muntazah, muka raba ɗaki da shi kamar yadda ya raba da ni a da. Kullum da safe sai ya tambaye ni ko an gama.

An gama. Sun yi aiki mai kyau, wannan ma yana cikin abin da ke ƙona min rai. Farar ƙasa tana ɗaukar ido, an goge ƙyamaren sun yi sheƙi, an jera fitilu a ƙarƙashin rumfa. Lokacin igamar Baba ta kusa ƙarewa. Na sa masa babbar rigarsa muka tafi ofishin kamfanin da aka damƙa wa kula da wurin. Wani jami'i ya karɓe mu da fara'a, ya ba mu kujera da ruwan sanyi.

Baba ya ce, “Na zo karɓar makullin shagona ne.”

Jami'in ya ce, “Ya Hajj, ai yanzu ginin na tarihi ne. Ba a kwana a ciki, ba a kunna dutsen guga, ba a sana'ar da za ta taɓa bango. Shagunan za su zama wurin nuni da wurin shan gahawa.”

Na ce, “Malam, wannan rufin da kuke nunawa, hannun wannan tsoho ne. Ba don shi ba da tuni wurin nan ya zama wurin ajiye motoci.”

Ya ce, “Mun sani, kuma muna godiya ƙwarai. Amma ƙa'ida ce, ba ni na kafa ta ba.”

Godiya! Ina Baba zai kai godiya? Jami'in shige da fice zai buga masa hatimi a kanta? Muka je wurin magada, babbansu ya rungume Baba ya sumbaci goshinsa, ya ce shagon ya fita daga hannunsu, ba su da sana'ar da za su rubuta shi a kai. Muka nemi wani kafil, duk inda muka je sai a dubi shekarunsa a girgiza kai. Ɗana injiniya ne, a ƙarƙashinsa nake zaune, ya yi ta safa da marwa ko zai iya ɗaukar Baba kamar yadda ya ɗauke ni. Aka ce sai uba na jini. Mutumin da ya yi masa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi, aka ce ba ubansa ba ne.

Abin da na kasa haɗiyewa ke nan har yau. Da mun yi lalaci kamar kowa, da mun bar rufin ya rufta tun Baba yana da ƙarfinsa, da ya nemi wani shago a wata unguwa, da wani kafil, ya tsufa a can ba mai kula shi. Mu muka riƙe ginin nan da tafin hannunmu shekara bayan shekara har ya kai ranar da ya yi daraja, ranar da ya yi darajar kuma aka ga mu ne dattin da ke jikinsa. Na sa ɗana ya karanta min abin da ke jikin allon tagullar. An ambaci dutsen teku, an ambaci danshal, an ambaci attajirin da ya gina. An ce rufin ya daɗe ne saboda ƙwarewar magina na da. To me aka adana? Bango ne tarihi, mutanen da suka hana shi faɗuwa kuma shara?

Igamar Baba ta ƙare, ya zama dole ya bar ƙasar. Ranar tafiyarsa da hantsi ya ce in biya da shi ta wurin benen. Muka tarar da mai gadi a ƙofa cikin kaki, da muka yi sallama sai ya amsa da Hausa, mutumin Gusau ne, magidanci. Ya rusuna ya gaida Baba. Baba ya ce yana so ya hau sama ya duba. Mutumin ya ce, “Baba, ku yi haƙuri don Allah, an sa igiya a matakalar. Idan na bari aka hau, aikina ne.” Baba ya ce ba komai, kowa da abin da ya kawo shi. Ya dafa kafaɗata muka bi ƙarƙashin rumfa a hankali har kan kwana.

An buɗe ƙyauren shagon, an toshe ƙofar da gilashi. A ciki an shimfiɗa darduma, an rataye yadudduka a bango, an ajiye wani tsohon keken ɗinki da ban san inda suka samo shi ba. A bayan keken an zaunar da mutum-mutumi, da farar riga da hula da gemun auduga, an sunkuyar da kansa, an ɗora hannunsa a kan yadi. A jikin gilashin an rubuta cewa haka telolin da suke aiki.

Baba ya matsa har goshinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe yana kallo. Ni kuwa da akwai dutse kusa ban san abin da zan aikata ba. Can ya juyo, muryarsa ƙasa ƙasa, ya ce, “Bakano, tambayar min su. Shi wannan wa ya tsaya masa aka bar shi ya zauna?”

Mai gadin, da ya biyo bayanmu, ya sunkuyar da kai.  Na kama hannun Baba muka koma mota, na kai shi filin jirgi, aka ɗora shi a keken marasa lafiya aka tura shi ciki, zai tafi garin da babu wanda zai gane fuskarsa.